Ayarin agaji bisa hanyar gyaɗa: ƴan sa-kai da jigilar cimaka a Nijar, 1973-1985

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1984, gidan rediyon RTL na ƙasar Faransa tare da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta wannan ƙasa sun tara kuɗi daga hannun jama'a, suka tayar da ayarin manyan motoci zuwa Sahel. An laƙaba wa ayarin suna « Les camions de l'espoir », wato motocin sa rai, ya kuma ratsa Muritaniya da Mali har ya shigo Nijar. Irin wannan ayari, na ƴan sa-kai masu ajiye aikinsu su hau mota su ƙetare hamada don kai ɗauki, shi ne ya fi zama cikin tunanin Turawa idan ana zancen yunwar Sahel. Shi aka ɗauka hoto, shi aka nuna a talabijin.

Abin da muke son dubawa a nan shi ne matsayin wannan ayari cikin ɗaukacin aikin jigilar cimaka da aka yi a Nijar lokacin fari biyu, na 1973-1974 da na 1984-1985. Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan hatsin agaji ya bi tsohuwar hanyar fitar da gyaɗa ce da aka juya kanta arewa, kuma matsalolin rabon sun samo asali daga yadda aka shata wannan hanya tun zamanin mulkin mallaka. Daga nan ne za a iya auna abin da ƴan sa-kai, na waje da na gida, suka yi.

Yunwa kafin zuwan mota

Ba za mu daɗe a nan ba, tun da Bureima Alfa Gado ya yi aikin a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel da ya fito a 1993. A yunwar 1913-1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, da kuma ta 1931 da fara ta haddasa a yammacin ƙasar, ba cimaka ce ke zuwa wajen mutane ba, mutane ne ke tafiya wajen cimaka. Wanda rumbunsa ya ƙare sai ya ɗaura kaya ya nufi kudu, Katsina ko Kano ko Sakkwato, ya yi ƙwadago. Maganin da Nasara ya kawo bayan 1931 shi ne rumbun tsimi na tilas, wanda talakawa suka ɗauka tamkar wani haraji ne na biyu.

Mota ta fara taka rawa a yunwar 1953-1954, wadda ake kira Muda a ƙasar Hausa. Zabarmawa kuwa suna kiran waɗannan shekaru da sunan gari, saboda garin rogo da aka riƙa kawowa daga ƙasashen bakin teku. Sai dai wannan ba agaji ba ne, fatauci ne: ƴan kasuwa suka kawo, mai kuɗi ya saya.

Hanyar gyaɗa

Nijar ba ta da tashar jirgin ruwa, kuma a shekarun da muke magana a kansu ba ta da ko taƙi ɗaya na layin dogo. Ƙofofinta biyu ne. Ta farko ita ce ta Najeriya: jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano, da rassansa da suka kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, daga nan mota ta ɗauka zuwa Maraɗi ko Damagaram. Ta biyu ita ce ta Dahome, wadda ta koma Benin a 1975: jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Faraku, kilomita 438, sannan a sauke kaya a ɗora wa mota har gadar Gaya, wadda aka buɗe a 1958. Faransa ce ta ƙarfafa wannan hanya ta biyu tun 1953 da shirin da ta kira « Opération Hirondelle », domin gyaɗar Maraɗi ta daina bi ta ƙasar Ingilishi. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN don tafiyar da hanyar, a 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa, shekara guda bayan haka kuma aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN.

Wannan tsari yana da siffofi biyu da ya kamata mu riƙe. Ta fuskar wuri, an gina shi ne don tattaro kaya daga kasuwannin kudu, inda ake noman gyaɗa, a fitar da su ta ƙofa guda. Ba a gina shi don watsa kaya zuwa dubban ƙauyuka da mashekaran makiyaya ba. Yankunan da fari ya fi yi wa illa, wato arewacin Tawa, da Dakwaro, da Tanut, da Abzin, su ne daidai waɗanda babu gyaɗa a cikinsu, saboda haka babu hanyar kirki zuwa gare su. Ta fuskar lokaci kuma, cinikin gyaɗa aikin kaka da rani ne, sa'ad da ƙasa ta bushe, mota na wucewa ko'ina. Ita kuwa yunwa tana tsananta ne daga bazara zuwa marka, lokacin da gulabe da ƙoramu ke kawo ruwa su yanke hanyar jar ƙasa. Hanya tana buɗe lokacin da rumbu ke da saura, tana rufe lokacin da ya ƙare.

Shekarun 1973 da 1974

Ruwa ya yi ƙaranci tun 1968, amma sai a watan Maris na 1973 ne ministocin ƙasashen Sahel suka taru a Wagadugu suka ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya afka wa. A watan Mayu hukumar FAO ta buɗe ofishi na musamman don agajin Sahel, a watan Satumba aka kafa CILSS. Idan muka lissafa watannin da ake ɗauka kafin a sayi hatsi a Amurka ko Turai, a yi lodinsa a jirgin ruwa, a sauke a Kwatano ko Apapa, ya jira layi a jirgin ƙasa mai layi ɗaya tal, za mu ga cewa kiran da aka yi a watan Maris ba zai iya cika rumbu kafin saukar damina ba. Haka kuwa aka yi. Buhuna suka taru a tashoshin ruwa, wasu ruwa ya doke su, aka koma ga jiragen saman sojan ƙasashen waje don kai hatsi Agadas, da tsadar da ta ninka ta mota sau da yawa.

A wancan lokaci hanyar kwalta ta Tawa zuwa Agadas da Arlit ba ta wanzu ba. Sai tsakanin 1976 da 1980 aka gina ta, kuma don yuraniyom aka gina ta, ba don hatsi ba. Direban da ya tashi daga Damagaram zuwa Agadas, tafiyar kilomita kusan 450, yana iya kwana da yawa a hanya, yana haƙa rairayi yana shimfiɗa ƙarfe ƙarƙashin taya. Raƙuman da a da za su karɓi kaya daga inda mota ta tsaya, fari ya kashe da yawa daga cikinsu, waɗanda suka rage kuma ba su da ƙarfin ɗaukar kaya. A cikin wannan shekara ta 1973 ne ma wata babbar mota ta buge itacen nan ɗaya tilo na Tenere, aka kwaso gawarsa zuwa gidan tarihi na Yamai. Mota ta riga ta shiga inda da raƙumi kaɗai ke shiga.

Da cimaka ta kasa isa wajen makiyaya, sai suka yi abin da kakanninsu suka yi a 1913: suka taso. Sansanoni suka tsiro a gefen garuruwa, mafi shahara shi ne na Lazare a bakin Yamai, wanda daga baya ya zama unguwa. A nan ne aka fi ganin ƴan sa-kai: na Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, da na mishan, da matasan Amurka da na Faransa da ke aikin sa-kai a ƙasar tun shekarun 1960. Aikinsu dafa kunu ne, da awon yara, da rigakafin ƙyanda. Sansanin kansa alama ce ta gazawar sufuri, domin an tara mutane ne a inda mota ke iya zuwa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne irin cimakar da aka kawo. Jar dawar Amurka, wadda a can dabbobi ake ba, ta isa hannun mutanen da suka saba da hatsi da nono. Ta yi wuyar daka, ta kuma ɓata cikin yaran da yunwa ta riga ta raunana. Rahoton da Hal Sheets da Roger Morris suka fitar a 1974 ya yi suka mai zafi kan jinkiri da rashin tsari na masu ba da agajin.

Rabon cikin gida yana hannun OPVN, ofishin cimaka da aka kafa a 1970, da kuma rassan jam'iyyar PPN-RDA mai mulki. Zargi ya yi yawa cewa ana karkatar da buhuna zuwa kasuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma batun cimakar agaji na cikin manyan dalilan da Seyni Kunce ya bayar. Abu na farko da sabuwar gwamnati ta yi shi ne sa motocin soja cikin jigila da buɗe wuraren rabo a karkara kafin ruwa ya sauka, tare da ba mutanen sansani iri da guzuri su koma gida. Ba mu san wata gwamnati a Nijar da ta manta wannan darasi ba tun daga ranar: buhun agaji abu ne da ke iya tayar da mulki.

Ɗan lissafi

Mu komo ga ayarin ƴan sa-kai. Ma'aunin da hukumomin Nijar suka daɗe suna aiki da shi shi ne kilo 250 na hatsi a shekara ga mazaunin karkara mai noma, kilo 200 ga makiyayi da ɗan birni. Mota mai ɗaukar tan 10, wato buhu 100 mai kilo ɗari-ɗari, tana ɗauke da cimakar shekara ta mutum 40 kacal. Ƙauye mai mutum 1000 zai cinye ta cikin mako biyu. Ayari mai irin wannan mota 30 ya kawo tan 300 ke nan, abin da bai kai cin yini guda na mutum rabin miliyan ba. Ƙidayar 1977 ta ba da mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 1988 ta ba da miliyan 7 da ɗoriya. Giɓin shekarar fari kuwa da dubban ɗaruruwan tan ake auna shi.

Ga kuma nisa. Mai tasowa daga Turai ta Aljeriya zai yi kilomita kusan 2000 daga Aljas zuwa Tamanrasat, sannan wasu 400 zuwa In Gezzam, sannan Asamaka da Arlit da Agadas. Wani kaso na nauyin da motar ke ɗauka mai ne da ruwa da kayan gyara na tafiyar kanta. Kuɗin da aka kashe kan wannan tafiya, da an ba ɗan kasuwa a Kano ko Jibiya, da buhunan da zai kawo sun fi haka nesa ba kusa ba.

Masu shirya irin waɗannan ayari ba duka suka jahilci wannan lissafi ba. Shi ya sa galibinsu ba hatsi suke ɗaukowa ba, sai kaya marar nauyi mai daraja: magani, da abinci mai gina jiki na yara, da famfon ruwa, da kayan lambu. Wasu kuma motar ce kanta kyautar, a bar ta ga asibiti ko mishan, direba ya koma gida ta jirgi. Mu a ganinmu nan ne amfaninsu na zahiri yake, domin ƙarancin mota mai shiga rairayi ya fi ƙarancin hatsi a tashar ruwa tsanani. Amma motar da babu kayan gyaranta a Yamai ko Kano ba ta daɗewa. Wanda ya zaga harabar asibitocin karkara a shekarun 1990 ya ga gawarwakinsu bisa duwatsu.

Amfani na biyu ba a Nijar yake ba, a Turai yake. Ayari labari ne mai tafiya, kullum da zangonsa, kullum da abin da ɗan jarida zai aika gida. Jirgin ruwa mai tan dubu goma ba ya ba da irin wannan labari. Ayarin ya sa mai sauraron rediyo ya buɗe aljihunsa, ya kuma sa gwamnatinsa jin kunya. Salon ya yi kama da na tseren motoci na Paris-Dakar, wanda ya fara ratsa Agadas tun 1979, har ma abubuwan biyu suka haɗu: mawaƙi Daniel Balavoine yana cikin aikin kafa famfunan ruwa ne tare da ayarin tseren lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi da Thierry Sabine kusa da Gurma-Rarus a Mali, ranar 14 ga Janairu 1986.

El-Buhari

Farin 1984 ya fi na 1973 tsanani ta fuskar ruwan sama, amma ya tarar da ƙasa mai hanyoyin kwalta da kuɗin yuraniyom ya gina, da rumbunan OPVN a manyan garuruwa, da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana bin sawun damina. Wannan karon cikas ɗin daga iyaka ya zo. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a kuma buɗe su ba sai Maris 1986. A 1985 aka sake korar baƙi daga Najeriya, bayan korar 1983. Ƙofar hatsi da ƙofar cin rani suka rufe tare, shi ya sa talakawan Maraɗi da Damagaram suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Sunan ya nuna inda su suka ga tushen wahalarsu: ba su kira ta da sunan fari ba, da sunan wanda ya rufe hanya suka kira ta. Nauyi ya koma kan Kwatano da Lome, kuma hatsin Najeriya bai daina shigowa ba, sai dai ta ɓarauniyar hanya, bisa jaki da raƙumi da ƙananan motoci, da tsadar da haɗarin ya ƙara masa.

Su wa suka tuƙa motocin da suka kwaso hatsin agaji daga Faraku? Direbobin SNTN, da soja, da kuma direbobin Alhazai. Gyaɗa ta durƙushe bayan fari da cutar da ta kama ta a 1975, motocin da aka saya don ita suka sami sabon kaya. Emmanuel Grégoire, a littafinsa kan Alhazan Maraɗi na 1986, ya nuna yadda cinikin hatsi a shekarun fari ya zama ɗaya daga hanyoyin tara dukiyarsu. Ba sadaka suka yi ba, haya aka biya su. Amma su ne ke da mota, su ne suka san kowane shingen duwan da jandarma, kuma in ba su ba babu mai iya aikin.

Gwamnatin Kunce ta ƙi yarda a sake kafa manyan sansanoni irin na Lazare. Ta tura mutane wuraren noman rani, a bakin tabkuna da fadamu, aka riƙa kai cimaka can. Manufar tana da fuska biyu, ta raya ƙasa da ta tsaro, tun da makiyayin da aka zaunar bakin rijiya yana ƙarƙashin idon hukuma. Ta kuma ƙara yawan wuraren da dole a kai buhu, nesa da kwalta.

Wane ne ɗan sa-kai?

A nan ne muke ganin tarihin da aka rubuta ya yi rashin adalci. Daga inda babbar mota ta juya, a rumbun gunduma, zuwa ƙofar gidan mai jin yunwa, akwai sauran tafiya, wani lokaci ta yini biyu. Wannan zango na ƙarshe amalanke ne ya yi shi, da jaki, da raƙumi, da kan mutum. Raƙumi kan ɗauki kilo 150 ko kusa da haka, ke nan lodin mota guda mai tan 10 na bukatar raƙuma fiye da 60. Masu sauke buhu, da masu awo da tiya, da masu rubuta sunayen magidanta, galibinsu ƴan samariya ne, da malaman lakwal, da matan ƙungiyar mata ta ƙasa, da ƴan Croix-Rouge na gari.

Kalmar sa-kai tana bukatar a yi hattara da ita a nan. Samariya tsohuwar al'ada ce ta gayya, wadda mulkin soja ya farfaɗo da ita ya mai da ita reshen hukuma. Saurayin da sarkin samari ya kira sauke buhu bisa umurnin supirefe, ba lalle ne yana da zaɓin ƙi ba. Bature ya zo da son ransa, ya yi wata guda, ya koma ana tafa masa. Ɗan samariya ya yi aikin watanni, wani lokaci shi ma da yunwa a cikinsa, ba albashi, sunansa kuma bai shiga rahoton kowa ba. Takardun masu ba da agaji suna ƙare lissafinsu ne a ƙofar rumbun gunduma: tan kaza ya iso, an sa hannu. Abin da ya faru bayan nan yana bakin tsofaffin direbobi da karnukan mota da ƴan dako na tashoshin Maraɗi da Tawa da Damagaram, kuma waɗanda suka yi aikin 1974 suna ta ƙarewa. Ɗalibanmu masu neman batun bincike za su iya farawa daga tasha.

Akwai kuma agajin da bai taɓa shiga lissafi ba sam, wato buhun da ɗan cin rani ya aiko wa iyayensa daga Kano ko Abijan bisa motar haya, da zakkar da attajiri ya fitar, da baƙon da aka saukar a zaure har kaka.

Rufewar hanyar hamada

Zamanin ayarin Turawa bai daɗe ba. Rikicin Cin-Tabaraden na watan Mayu 1990, wanda ƙorafi kan agajin da aka yi wa Abzinawan da suka dawo daga Aljeriya da Libiya alkawari yana cikin musabbabansa, ya buɗe tawayen arewa. Har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, motoci ba sa zuwa Agadas sai cikin jerin gwano da rakiyar soja. Yaƙin basasar Aljeriya daga 1992 ya toshe hanyar Tamanrasat. Waɗanda suka ci gaba sun koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya, har ranar 29 ga Nuwamba 2009, da aka sace mutum 3 daga ayarin wata ƙungiyar sa-kai ta Barsalona a kan hanyar Nuwadibu zuwa Nuwakshot.

A cikin gida kuma tsarin ya sauya. An kafa hukumar gargaɗin gaggawa kan ƙarancin cimaka a 1989, masu agaji suka ƙara karkata ga sayen hatsi a kasuwannin yankin, daga baya kuma ga raba kuɗi hannu da hannu. Amma dogaro da ƙofar kudu bai gushe ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe gadar Gaya, motocin cimaka da magani na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi makonni a tsaye a ɓangaren Benin. Daga baya aka karkatar da kaya ta Lome da Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari mai ɗaruruwan motoci da soja ke rakiya, kuma direbobin haya ne ke riƙe da sitiyari.